Neman shawara: ƴata tana aji shida na sakandare, ta ina zan fara da maganar JAMB?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Ƴata tana SS3 bana, kuma wallahi tsoro nake ji saboda abin da ya samu yayanta. Shi lokacinsa mahaifinsu kuɗi kawai ya ba shi ya ce je ka yanki fom, yaro ya tafi shi kaɗai, wani saurayi a bakin santar da ake rajistar ya ce kawo in taya ka cikewa, ya sa masa Biology a maimakon lissafi alhali injiniya yake so, ya ci 236 muna ta murna har da yin waina aka raba wa maƙwabta ashe aikin banza ne, shekara ta wuce ba admishin. Layin da aka yi rajistar da shi ma na abokinsa ne, abokin ya yar da waya. Ni karatuna bai yi nisa ba amma ina taɓa waya, ance akwai wuraren da ake dubawa a intanet a tsara komai tun kafin a sayi fom. Wanne ne na gaskiya? Sannan babanta ya kafe sai likitanci, ita kuma Physics na ba ta wahala, ranar nan na same ta tana kuka a kan littafin.

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da kika fara tambaya tun yanzu. Abu na farko ki nemi shafin IBASS a intanet, na hukumar JAMB ne da kanta kuma kyauta ne sai dai data. A ciki akwai burosha, wato jerin kwasa-kwasai da makarantun da ke yin su, za ki zaɓi makaranta ki zaɓi kos ya nuna miki darussa huɗun da za a zana a UTME, wato jarabawar JAMB ɗin, da kiredit ɗin da ake nema a WAEC ko NECO. Har silabos na kowane darasi yana nan. Da an buɗe shi minti goma kafin yayanta ya fita da ba a yi wannan asarar ba, domin injiniya Turanci ne da lissafi da Physics da Chemistry. Likitanci kuwa Turanci, Physics, Chemistry, Biology. Ki lura da kyau, wasu makarantun suna da nasu ƙarin sharaɗi, wasu ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a likitanci sai zama ɗaya, duk yana rubuce a gefe amma yara ba sa karantawa. Ku zauna ke da ita, ku rubuta a takarda da biro, ranar rajista ta riƙe takardar a hannunta.

Maman Biyu:
Malam na gode. To a waya zai buɗe ko sai kwamfuta?

Malamin Kemistiri:
Yana buɗewa a waya, sai dai rubutun ƙanana ne, ki kwantar da wayar.

Anti Nas:
Ƴar uwa ni maganar layi zan yi miki don nima ta cije ni. Ki saya mata sim nata na kanta, da shi za ta tura NIN ɗinta zuwa 55019 ko 66019 a turo mata lambar furofayil wadda ake sayen fom da ita, kuma wannan layin shi ne komai nata har ta shiga makaranta. Ni nawa a ƴar tsohuwar ƙaramar waya na sa shi na jefa cikin durowar da nake ajiye sarƙoƙina, duk wata ina sa masa katin ɗari kar a rufe. Kuma tun yau ki ɗauko takardar NIN ɗin ki haɗa da sunan da makaranta ta tura WAEC da ranar haihuwa, in an rubuta Aisha can nan kuma A'ishatu ko an juya sunan uba ki fara gyara yanzu, gyaran nan yana cin lokaci ba kaɗan ba. Maganar likitanci kuma kar ki ce in ta gudu ta koma Nursing ko Pharmacy ta tsira daga Physics, duk su ukun darussa ɗaya ake zanawa.

Alhaji Baba:
Ni dai ina bayan mahaifinta. Yaran yanzu da sun ji wuya sai su ce ba za su iya ba, a samo mata mai lesin, muna buƙatar likitoci mata a Arewa, matanmu na shan wahala a asibiti.

Malamin Kemistiri:
Gaskiya ne Alhaji muna buƙata, kuma a yi lesin ɗin ban hana ba. Amma ni da nake cikin aji na ga yaran da suka yi shekara uku suna maimaita JAMB a kan kos ɗaya saboda baba ya ce, ƙawayensu har sun kusa gamawa. Maki 400 ne gaba ɗaya, kuma likitanci a BUK ko ABU ko Ɗanfodiyo gurbin kaɗan ne masu nema kuwa kamar ƙasa. Hajiya ki saukar mata da manhajar gwajin CBT, wato jarabawa a kwamfuta, a waya ta riƙa yin tsofaffin tambayoyi tana sa wa kanta lokaci, ki rubuta abin da take ci duk Asabar na wata biyu, ta kuma yi mok, jarabawar gwajin da JAMB ke shiryawa. Wannan takardar za ki kai wa babanta, ya fi ki tsaya gardama da shi da fatar baki.

Ɗalibin Jami'a:
Mama ina wuni. Ni abin da ya kusa kayar da ni shi ne CAPS, shafin da JAMB ta kawo a 2017 wanda duk admishin ta nan yake bi. Na cike fom sakamakona na gama sakandare bai fito ba, da ya fito ban san sai na koma santa an ɗora shi ba, ina zaune gida ina jiran suna. Sai wani yayanmu ya duba ya ga wurin O'level, inda ake ɗora sakamakon, fayau. Kuma ko an ba ta gurbi sai ta shiga ta danna amincewa da kanta, haka in makaranta ta ce za ta mayar da ita wani kos nan zai fito ta yarda ko ta ƙi. Kar ki ba kowa faswod ɗinta Mama, ko mai kafe ne ki sa ta shigar da hannunta. Sai zaɓin farko, jami'o'i da yawa shi kaɗai suke kallo, kuma a na tarayya kashi 45 cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin makarantar, 20 na jihohin da ke baya a boko, don haka zaɓen wadda jiharku ke cikin yankinta yana taimakawa.

Anti Nas:
Na manta, shekarunta nawa? Sai ta cika 16 fa ake ba da gurbi.

Maman Biyu:
Ta cika 17 da ƙaramar sallah Anti. Wallahi kun cire min ƙaya, Allah ya raya muku zuri'a. Yanzu na ɗauko takardar NIN ɗin kuma kamar kin sani, sunan kakanta suka sa a ƙarshe, a makaranta kuwa na babanta ne. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga wurin shugaban makarantar in ga abin da suka tura. Malam in mun buɗe IBASS ɗin da daddare zan turo hoton abin da ya nuna kan Microbiology, ita shi take ta ambata, ka duba mana ko akwai Physics a ciki.