PDF ko EPUB: wanne ya dace da littafin Hausa a waya?

Mai gyaran waya: Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk marubucin da har yau yake sayar da labarinsa a PDF maimakon EPUB, wani tsarin littafi na karantawa a waya, idon masu karatunsa yake kashewa. Adobe ta fito da PDF a 1993 ne don shafi ya fita daga firinta yadda aka tsara shi, ba don fuskar waya ba. Jiya wata baiwar Allah ta kawo min wayarta wai ta lalace, rubutu ya ƙanƙance. Waya lafiyarta ƙalau, shafin A4 ne aka cusa mata. Ta buɗa shi da yatsu biyu, ta ja dama, ta ja hagu, layi ɗaya sai da ja biyu. A haka za ta cinye shafi 300?

Marubuciya: Ƙanina, ka taɓa sayar da littafi kuwa? In na tura PDF ta WhatsApp, taɓawa ɗaya ya buɗe. Ranar da na gwada EPUB ɗin naka, har sha biyun dare ina amsa "Anti bai buɗe ba", wata ma cewa ta yi in mayar mata da kuɗinta. Ni ba boko nake koyarwa ba, labari nake sayarwa.

Mai gyaran waya: Anti, manhaja ɗaya ce fa za su sauke, ReadEra ko Moon+ Reader, kyauta. Mai iPhone ma yana da Apple Books. Shi EPUB rubutunsa kamar ruwa yake, siffar mazubinsa yake ɗauka. Ki ƙara girman baƙi, layuka su sake jeruwa da kansu, ki mayar da fuskar baƙa da daddare, ki rufe ki dawo ki tarar da inda kika tsaya. Tun 2007 yake, ba sabon abu ba ne.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. Wannan ruwan da kake yabo shi ne matsalata. In na ce wa ɗalibai su buɗe shafi na 40, a PDF kowa wuri ɗaya zai sauka. A naka kuwa, shafi na 40 na mai babbar waya daban, na mai ƙarama daban. Balle Alƙur'ani. Mahaddaci da hoton shafi yake riƙe karatu, ya san aya kaza tana saman shafin dama. Ka warware masa layuka, ka warware masa tilawa. Haka rubutun ajami da wasullansa, ban yarda in damƙa su ga manhajar da za ta jera yadda ta ga dama ba.

Mai gyaran waya: Allah ya gafarta Malam, a nan na sallama. Mus'hafi da ajami da littafin lissafi mai zane-zane, PDF ne gidansu. Ni kan labari nake magana, wanda ba ruwansa da inda layi ya ƙare.

Ɗalibar jami'a: Ku tsaya, kuna magana kamar EPUB yana shiga ko'ina. Yayana ya ba ni Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, na jona ta da kwamfuta na zuba EPUB, ko nuna shi ba ta yi ba. Amazon nata tsarin take bi, MOBI da AZW, daga baya AZW3. Sai a 2022 ta fara karɓar EPUB ta hanyar Send to Kindle, wato tura littafi zuwa na'urar ta intanet, shi ma juya shi take yi zuwa nata kafin ya iso. Kobo, na'urar karatu ta wani kamfanin, ita ce ke karanta shi kai tsaye. Yanzu da manhajar Calibre nake juyawa a kwamfuta. Amma kada wanda ya ce zai juya PDF zuwa EPUB ya sami abu mai kyau. Lambar shafi sai ta faɗo tsakiyar jimla, in kuwa PDF ɗin hoton takarda ne aka ɗauka, babu ma rubutun da za a juya.

Marubuciya: Yauwa ƙanwata. Ga kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Na taɓa ba wani ya juya min, duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamomin baka da sanduna. Mai karatu ta rasa ƙasa ake nufi ko kasa.

Mai gyaran waya: Wannan ba laifin EPUB ba ne, Anti. Da tsohon salon baƙi aka buga miki, irin wanda ake aron maɓallin wata alama a zana ƙ a kansa. A ido ƙ ce, a cikin kwamfuta alamar baka ce, da an sauya salon sai asiri ya tonu. Ki buga da allon rubutu na Hausa irin na Gboard, baƙaƙen suna da lambarsu a Unicode, tsarin da na'urori ke gane baƙaƙe da shi. Kuma ana iya ɗinke salon baƙin a cikin EPUB ɗin, kamar yadda ake yi a PDF.

Marubuciya: To sata fa? Mutum ɗaya ta saya, gobe ka gan shi a hannun mutum ɗari.

Ɗalibar jami'a: Duk biyun ana turawa, babu wanda ya tsira. Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne kulle da ake kira DRM, kuma mai saye yake cutarwa. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗi aka mayar musu. Ni dai ban son littafin da mabuɗinsa ke aljihun wani.

Malamin Islamiyya: Ikon Allah. Littafin da ke kan kantata tun na mahaifina, ba wanda ya zo ya rufe shi.

Mai gyaran waya: Anti, in PDF ɗin kika nace, aƙalla ki daina A4. Ki tsara shafin ƙarami daidai waya, baƙi manya. Ko ki tura duka biyun, kowa ya zaɓa.

Marubuciya: Aiki biyu kenan a kuɗin ɗaya. Bari in turo maka babi ɗaya ka yi min EPUB ɗin, zan tura wa Innarmu. In ta buɗe ta karanta ba tare da ta kira ni ba, ka ci.