Ƙungiyar mata masu man gyaɗa: bashi zan ba su ko mu raba riba?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Na tara miliyon 2 na sefa daga shagona. Akwai ƙungiyar mata 25 a Tibiri, innata na ciki, da hannu suke matse man gyaɗa su toya ƙuli-ƙuli. Sun nemi rance a banki don sayen inji, aka ce su kawo takardar fili, alhali ba wadda ke da gida da sunanta. Bashi zan ba su ba ruwa, ko in zuba jari mu raba riba? Wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Mai Taya: Ka sayi aya da kaka ka kimshe, da bazara ka fitar.

Hajiyar Sabon Gari: Ɗana, saurara. Na ba ɗan wana jikka 800, wato sefa dubu 800, ya riƙa kai kaya Katsina ta Ɗan Isa, riba rabi da rabi, ba takarda, ba shaida, don na ga jinina ne. Aka rufe boda a 2019, ya ce kaya sun lalace a hanya. Bayan wata uku sai ga shi da sabon babur. Na yi magana, uwarsa ta ce na tozarta su. Har yau ko a gidan suna muka haɗu, kawar da kai take. Kuɗin ba su dame ni kamar zumuncin ba.

Ɗan Bagalam: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma waɗannan ƙungiya ce, suna da asusu.

Tsohon Mushe: Nan ne bambancin. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi a 1991: zubi duk mako, rance tsakaninsu, a ƙirga kuɗi gaban kowa. Wadda ta ƙi biya, da maƙwabtanta za ta yi. Ka sayi injin da kanka, ku rubuta kason kowa, liman da mai unguwa su shaida. In an yi asara ba da sakaci ba, a kan mai jari take, haka ƙiradi yake, wato kasuwancin da wani ke ba da jari wani ya juya a raba riba.

Mai Taya: Injin jikka 450 ne.

Ƴar Mokoyo: Ina? Mu jikka 900 muka saya, har da kuɗin duwan, wato kwastan.

Hajiyar Sabon Gari: Mushe, albashi ka ci har ka yi ritaya. Ka taɓa asarar ko dala a kasuwa?

Tsohon Mushe: Shekara goma ni ke riƙe wa ƙungiyar maiɗakina littafi, Hajiya.

Na Baya: Ni a ba ni muƙamin mai ɗanɗana ƙuli-ƙuli, ba na son albashi.

Ƴar Mokoyo: Yaya, kafin komai tambayi injin na kuran (wutar lantarki) ne ko na gazuwal (man dizal). Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023, namu ya kwanta, muka koma turmi, ga biyan bashi bai tsaya ba.

Mai Taya: Mu ma jiya tun azahar aka ɗauke, sai asuba. Unguwarku an maido?