Waƙa biyu sun karɓu, shida ba mai saurare: ina matsalar take?

Mai tambaya, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, shawarar masana nake nema. Ni ke kula da harkokin ƙanena, mawaƙi ne mai gurumi, yana da mai kalangu da mai jita. Waƙa 8 ya fitar. Biyu ba bikin da ba a sa su, har ƴan kabu-kabu na rerawa. Shidan kuwa, wanda ya ji sai ya rantse ba shi ba ne: murya a shaƙe, kiɗa ya danne magana, baiti ba armashi. Me ke kawo wannan tazara a maƙogwaro ɗaya? Muna shirin sabon faifai, ba ma so a maimaita.

Mai haɗa sauti, Yamai:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin ku kashe ko dala, ku gano waƙar ce ba ta yi ba, ko ɗauka ce ta ɓata ta. Zaunar da shi da gurumi kaɗai, ya rera duk takwas ɗin, ka ɗauka da waya. Ka kunna wa mutum biyar ko shida waɗanda ba dangi ba, ba abokansa ba. Wadda ta yi daɗi a haka amma ta mutu a faifai, laifin sitidiyo ne. Wadda ta mutu a haka, babu injin da zai tashe ta.

In laifin ɗauka ne, yawanci a nan yake. Bakin mawaƙi ya yi nesa da makirfo kamar santimita 15 zuwa 20, da tsumman tare iska a tsakani. Ƙarfin shigar murya kada ya wuce -6 dB a ma'aunin injin ɗauka, a inda ya fi ɗaga murya. In ta kai sifili ta fashe, kuma fasasshiyar murya da wuya ta gyaru. A saita ingancin ɗauka a 24 bit, 48 kHz. A kashe fanka, gurup, wato injin ba da wuta, ya yi nesa da ɗakin. In kun ji gurnani a ƙasan sauti, na wutar lantarki ne mai 50 Hz, a duba wayoyin wuta da soket, a kuma yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a layin murya. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amo, a jingina katifu a bango. Sannan ku karɓi aikin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ku tura shi a WhatsApp a matsayin takarda, don kada a matse shi.

Malamin kiɗa, Yamai:
Malam, shaƙewar da ka ambata ta fi kama da matakin murya. Sau da yawa mai haɗa kiɗa yana gama kiɗan kafin mawaƙi ya iso, sai a tilasta masa hawa inda maƙogwaronsa bai kai ba. Ku nemo matakin da waƙoƙin nan biyu suke kai, ku gwada shidan da shi. In sun ɗara shi, a sauke su da rabin mataki zuwa mataki guda, ku ji bambanci.

Na biyu, gurumi ba a ɗaure shi daidai da fiyano. In aka ɗora Auto-Tune, manhajar da ke daidaita matakin murya, a kan matakin fiyano alhali mawaƙin gurumi yake bi, injin zai riƙa fizgar muryar zuwa wani wuri, ta fito tana karkarwa. Ko a ɗaure gurumin da fiyanon tun farko, ko a cire fiyanon.

Na uku, kuma shi ya fi damuna: karin magana. Hausa tana da hawa da sauka, tana da gaɓa mai tsawo da gajera. In aka cusa baiti a kiɗan da aka riga aka gama, sai a ja gajera a guntule doguwa, mai saurare ya ji kamar baƙo ne ke waƙar. Ya karanta kowane baiti da baki kamar zance, sannan ya rera. Duk inda suka saɓa, a sake kalmar. In yana da hali ya leƙo cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a nan Yamai, zai ƙaru.

Mai gabatar da shirin waƙoƙi a rediyo, Tawa:
Ɗana, tambaya ɗaya. Cikin shidan nawa ne na kwangila? Kuma biyun nan, ya daɗe yana rera su a gaban jama'a kafin a ɗauka?

Mai tambaya:
Hajiya, huɗu na kwangila ne, na aure da na ƴan kasuwa, rana ɗaya aka rubuta aka ɗauka. Biyun kuwa ya yi watanni yana yin su a bukukuwa.

Mai gabatar da shirin waƙoƙi:
To ga amsarka. Filin biki ne ya tace masa biyun. Baitin da mata suka amsa ya riƙe, wanda aka yi shiru ya zubar, amshi ya zauna a bakin ƴan amshi. Waƙar kwangila jerin sunaye ce, mai ita da danginsa take yi wa daɗi. Ba aibu ba ce, da ita makaɗa ke ci tun kaka da kakanni, amma a miƙa wa mai ita, kada ta shiga faifai.

Ga sabon aikin: ya tsara waƙa 12 zuwa 15, kowace ya rera ta a taro aƙalla uku, wani na tsaye yana lura da inda aka tashi rawa da inda aka koma hira. Ku zaɓi 6. A samu mutum ɗaya mai ikon ce masa "wannan ba ta yi ba", wanda ba ya cin abinci a hannunsa. Waɗanda suka tsira ku yi musu rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mallaka na Nijar, kafin su fita.

Makaɗin kalangu, Tawa:
Hajiya ta gama magana, amma a bar ɗora wa Auto-Tune laifi duka. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar nan, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008 da Auto-Tune, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Waƙa in ta yi, ta yi.

Abin da na fi zargi shi ne kalangun kwamfuta. Na gaske yana bin numfashin mawaƙi, yana ba shi amsa. Na inji bai san an ja baiti ba. Ku ɗauki gurumi, kalangu da muryar gwaji tare, daga baya ya sake muryar shi kaɗai. Ku kula da fata: da hunturu tana ɗamewa sauti ya hau, da damina ta saki ya sauka, don haka kada a raba ɗaukar waƙa ɗaya tsakanin ranaku masu nisa. Murya kuma waƙa biyu a rana sun isa, kada a ɗauka washegarin biki, kuma kowace a rera ta sau uku cikakku a zaɓi guda.

Mai haɗa sauti:
Ƙari kaɗan, Yaya: mutum ɗaya ya haɗa faifan duka. Kafin ku biya cikon kuɗi, ku saurara a lasifikar waya, a rediyon mota, da manyan lasifikan biki, kuna kunna tsofaffin biyun nan a tsakani. Duk wadda maganarta ba ta fita a waya, a mayar a ɗaga murya da 1 zuwa 2 dB, a rage jita.