Majinyaci ya zo da maganar da ya ji a waya: ku ya kuke yi?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harhaɗa magunguna. Jiya wani dattijo ya zo min da saƙon murya da aka turo masa, wai maganin hawan jini yana kashe ƙoda. Ashe har ya yi sati 2 bai sha ba. Na auna shi, jinin ya hau sosai. Na yi bayani har baki ya bushe, amma daga ganin fuskarsa na san bai gamsu ba. Ku ya kuke yi?

Tsohon hannu a kanti: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki fara da "ƙarya ne". Da kin faɗi haka, ji zai yi kamar kin ƙaryata ɗansa ko amininsa da ya turo masa. Ni cewa nake, "Baba, kunna mu ji tare." Galibin irin waɗannan maganganu akwai guntun gaskiya a ciki, shi ya sa suke kama zuciya. Gaskiya ne mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril ana duba masa ƙoda lokaci-lokaci. Sai in yarda da wannan a gabansa, sannan in nuna masa cewa hawan jinin da aka bari haka shi ne yake cin ƙodar a hankali.

Mai aiki a asibiti: Ni kuskurena zan ba ku. Wata uwa ta ce allurar rigakafin ƙyanda tana jawo otizim (lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane), na yi dariya. Wallahi ba ta sake dawowa ba, har yau abin yana damuna. Yanzu labarin nake bayarwa daga tushe: binciken da ya haifar da zancen an buga shi a mujallar likitoci ta Lancet a 1998, kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye shi, shi kuma likitan da ya jagoranci binciken aka soke lasisinsa a Ingila. Na lura iyaye sun fi sauraron labari a kan umarni.

Sabon shiga: Nawa rikicin kullum mura ce. Sai mutum ya dage sai antibayotik. In ce masa bairos ke kawo mura, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ya ce ai bara ya sha ya warke. To, ko bai sha ba da ya warke! Yanzu ba na barin sa ya tafi hannu rabbana: in ba shi abin da zai sassauta masa zazzaɓi da toshewar hanci, in faɗa masa alamomin da in ya gani ya je asibiti.

Mai aikin dare: A ƙara da masu cewa farasitamol ba ya illa. Wata ta haɗa shi da maganin mura kala biyu, duk akwai shi a ciki. Na juya kwalayen muka lissafa tare, ta wuce giram 4 da aka ƙayyade wa babba a rana. Da na ce wuce hakan yana lalata hanta, jikinta ya yi sanyi.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Dattijon ya dawo yau, na ce ya kunna mana saƙon. Ya yarda zai koma shan maganin, amma da sharaɗin a fara gwada masa ƙodar. Na rubuta masa takarda zuwa wurin likitansa.