Neman kalmar Hausa: me za mu kira "unheimlich"?

Malama daga Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Litinin zan gabatar da darasi ga ɗaliban zanen gine-gine, amma wata kalmar Jamusanci ta tsaya mini a wuya, wato "unheimlich", wadda masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya rubuta maƙala a kanta a 1919. Tushenta "Heim" ne, wato gida, kuma manufar Freud ita ce abin da mutum ya saba da shi tun ƙuruciya, zuciya ta danne shi, daga baya ya dawo da siffar da take tayar da tsikar jiki. Masanin tarihin gine-gine Anthony Vidler ya yi amfani da ita wajen nazarin gine-gine a littafinsa na 1992.

Malamin Hausa: Malama, "firgici" ba zai yi ba, domin shi farat ɗaya yake zuwa. Ni ina ganin "baƙuntar gida".

Magini daga Ƙofar Guga: Allah ya gafarta Malam, wanda ya ji haka zai ɗauka ziyara aka kai. Abin dai na san shi. Bayan rasuwar kakarmu na koma gidan da aka haife ni, na tarar da azarar zaure yadda na bar ta, randa tana gurbinta, amma da na isa shigifa ƙafata ta ƙi gaba, alhali babu kowa a ciki.

Dattijo daga Daura: Ɗiyata, ki rubuta "ƙiwar gida". Yadda yaro yake ƙiwa ya ƙi zuwa wurin baƙo, haka babba yake yi wa gidan ubansa ƙiwa. Kuma ina mamakin yadda sai Bature ya raɗa wa abu suna sannan mu tashi neman namu, bayan muna da kango muna da kufai tun zamanin rijiyar Kusugu.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, kango gini ne, kufai kuma wuri ne, ita kuwa Malama halin zuciya take tambaya. Sannan "ƙiwa" lalaci mutane da yawa za su ji.

Dattijo daga Daura: Wanda ya ji lalaci ya zo Daura, tushen Hausa, a gyara masa kunne.

Malamin Hausa: Ba mu musa tushe ba, amma ilimi tun Gobarau a Katsina ake nemansa. Kunya ce ta sa muke sassautawa, ba tsoro ba.

Malama daga Ƙofar Marusa: Baba, ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan rubuta ta Jamusancin a allo, in ba su labarin magini, sannan in sa "ƙiwar gida" a matsayin gwaji.

Malamin Hausa: A aji na yarda, amma kada ta shiga takardar jarrabawa.