Shawarwari kan haɗa hannun jami'o'i da kamfanoni wajen koyar da fasahar kwamfuta

Kukan da shugabannin sashen fasaha na kamfanoni suka fi yi a wata tattaunawa da aka yi tsakaninsu da malaman jami'o'i shi ne ɗalibi ya zo da digiri mai kyau, amma sai an shafe watanni ana sake koya masa aiki. Malamai kuwa suka ce su kamfanonin ba sa leƙo jami'a sai sun tashi ɗaukar ma'aikata.

Shawarar da ta fi karɓuwa ta shafi manhajar CCMAS, wato tsarin karatun jami'o'i da hukumar kula da jami'o'in Najeriya (NUC) ta ƙaddamar a 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Aka ce a wannan gurbin ya dace a zauna da kamfanoni, a saka abin da kasuwa ke nema, kamar tsaron intanet da sarrafa bayanai, kuma a riƙa sabuntawa, domin fasaha ba ta jiran kwamiti.

An daɗe a kan SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya faro a 1973. Watanni shidan da ake yi a shirin ba kaɗan ba ne, sai dai ɗalibai da yawa a aike da kwafar takardu suke ƙarewa. Aka ce kamfani ya ba ɗalibi aiki na gaske da wanda zai duba shi, malami kuma ya je ya gani da idonsa, ba sa hannu a littafi kawai ba. A ganina nan ne gyaran ya fi sauƙi.

Wasu sun ƙara da cewa malaman ma su riƙa yin hutunsu a kamfanoni. Batun wuta da intanet a ɗakunan kwamfuta kuwa, an tashi ba a daidaita kan wanda zai biya ba.