Dokokin garinmu a FiveM: adimin ya riƙe alƙalanci ko a zaɓi wani?

Mai_Unguwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu kusan 30 ne, mun buɗe sabar wasan GTA V a FiveM, manhajar da ke ba mutane damar buɗe sabarsu ta wasan, kowa ya yi rayuwa kamar ɗan gari. Dokokin saba mun gama su: ba kashe mutum haka siddan, ba take mutane da mota, ba amfani da abin da ka ji a Discord (manhajar da muke hira) a cikin wasa. Wanda ya karya, kora. Inda muka maƙale shi ne dokokin gari, sata da gudun wuce sa'a da fashin banki, waɗanda ɗan sanda zai kama ka ya kai kotu. Wasu na cewa adimin, wato mai kula da saba, ya zama alƙali, wasu na cewa a zaɓi ɗan wasa. Ranar Juma'a za mu yanke. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Ɗan_Damagaram: Wa alaikumus salam. Ku fara da dokar sabuwar rayuwa. In an kashe ka, ka manta wanda ya kashe ka, kuma ba ka komawa wurin sai bayan minti 15. In babu ita, ramuwar gayya za ku wuni kuna yi.

Bakanike: Mai_Unguwa, ka raba adimin da alƙalanci, don girman Allah. A wata saba na daɗe ina riƙe da gareji a Sandy Shores, wani ƙaramin gari a cikin wasan, ina janyo motoci ina gyarawa, da gumina na saye shi. Adimin shi ne kwamishinan 'yan sanda, shi ne alƙali. Abokinsa ya kawo mota, na gyara, ya ce ba zai biya ba, na hana motar. Sai ga jiniya, wai satar mota. Ankwa na hannuna, ana karanta min laifi, aka ɗauke wuta. Kafin in tada janareta in dawo an rubuta cewa na fice daga wasa don gudun hukunci. Aka ƙwace garejin aka miƙa wa abokin nan. Na kai ƙara a Discord, wa zai saurara? Shi ɗin dai. Ya rufe ƙarar ko hoton da na tura bai buɗe ba. Har yau abin na ci min rai.

Gimbiya: Allah ya mayar maka da alheri. Mai_Unguwa, ku rubuta cewa wanda wuta ko intanet ya yanke wa yana da minti 10 ya dawo ko ya sanar.

Kwamanda: Nawa kuke biyan hayar saba? Mu dala 10 a wata.

Ɗan_Damagaram: Dala 10? Mu 25 muke biya kuma tana sandarewa.

Kwamanda: An cuce ku. Tunda ba ku wuce mutum 48 ba, FiveM ba ta karɓar komai, na'urar kawai za ku biya.

Bakanike: Kwamanda, kai da SA-MP na tsohon GTA San Andreas kake bugawa a waya, yaushe ka riƙe sabar FiveM?

Kwamanda: Tun kana firamare nake adimin, ƙane. Doka doka ce.

Sarkin_Gudu: Ni dai a sa dokar hana 'yan sanda cin na goro, ko a Los Santos, birnin cikin wasa, ba mu tsira ba 😂

Gimbiya: Ana dariya amma gaskiya ne. Abin da ya fi ɓata min rai sayar da motoci da kuɗin gari a kan naira. Tun 2022 Rockstar, kamfanin da ya yi GTA, ta hana sabobi sayar da kuɗin wasa da kuɗi na gaske, kuma a 2023 ta saye Cfx.re masu FiveM, amma wasu ko a jikinsu. Wanda ya turo kuɗi kuma ba a taɓa kulle shi.

Mai_Unguwa: Na gode, na rubuta ta minti 10. To batun alƙalin fa?

Bakanike: Gimbiya, ai abokin nan ma haka ya samu motar da ya kawo min. Tura kuɗi ya yi aka ba shi.